Idan Ma'aikacin Asibiti Ya Ci Amana, Wa Zai Biya Diyya?

Duk mai bin titin Zariya ta Gyadi-Gyadi da sassafe ya san cincirindon da ake yi a ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a ƙaramar hukumar Tarauni. Tun kafa shi a 1988 majinyata ke zuwa daga Jigawa da Katsina, har da Jamhuriyar Nijar, ban da masu zuwa ƙananan asibitocin kuɗi da suka cika unguwannin. Kowannensu yakan miƙa jikinsa ga baƙo a bayan labule, wani ma a cikin allurar barci. Ba zargin wani asibiti muke yi ba. Tambaya ce: in ma'aikaci ya keta mutuncin majinyaciya a wannan hali, shi kaɗai ke da laifi, ko har da hukumar da ta ɗauke shi aiki?

A ƙasashen waje kotuna sun daɗe da amsawa. A 2018 Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka ta yarda ta biya dala miliyan 500 ga matan da likitanta Larry Nassar ya lalata da sunan magani. A 2025 kuma Jami'ar Kolombiya da asibitin da take aiki da shi a birnin Niyok suka amince da biyan dala miliyan 750 ga mata 576 saboda likitan mata Robert Hadden, wanda aka yanke wa shekara 20 a 2023. Abin lura shi ne, a duka biyun mata sun yi ta kai kuka shekara da shekaru, manya suka toshe kunne. Wannan sakacin ne ya jawo musu tsada.

To, a nan gida fa? Dokarmu ba ta bar asibiti ya wanke hannu ba. Tun 1961, a shari'ar Igbokwe da Asibitin Koyarwa na Ibadan, kotu ta ɗora wa hukumar asibitin alhakin mutuwar wata mai jego da ta faɗo daga bene, domin ma'aikata ba su kula da ita ba. Sai dai lauyan asibiti zai ce sakaci daban, fyaɗe daban: ai ba aikin da aka ɗauki mutumin ya yi ke nan ba. Kotun ƙoli ta Ingila ta rushe irin wannan hujja a 2001, a shari'ar Lister, kan wani mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai. Ta ce in aikin da ka ba mutum shi ne ya damƙa masa raunana a hannu, to ɓarnar da ya yi musu tana wuyanka. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure alƙalanmu, amma sukan duba shi. A ganina majinyaciyar da ke kwance ta fi kowa cancantar wannan kariya, kuma asibitocin mishan ma ba su tsira daga ciki ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokaci. Dokar kare ma'aikatan gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙara a kan hukumar gwamnati. Akwai hanyoyin kauce mata, amma da ita lauyoyi kan fara kare kansu. Mu kuwa, 'yan'uwa, a watannin nan ne muke zaman “a rufa asiri”: dattawa su je su dawo, a ba da haƙuri, a mayar da ma'aikacin wani sashe inda zai tarar da wasu. Yafiya tsakanin mutum da Allah abu ne mai kyau, amma ba ta hana a tsare ta gaba.

Shari'ar laifi kuma dabam take da ƙarar neman diyya. Ana iya bin duka biyun. Iyali su fara da kai rahoto ga 'yan sanda, su nufi Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala domin gwaji da magani tun shaida ba ta gushe ba, su rubuta wa hukumar asibitin takarda mai kwanan wata su riƙe kwafi. In likita ne, Majalisar Likitoci ta Nijeriya tana da ikon soke lasisinsa. Sannan mace tana da damar cewa sai da nas mace ko 'yar'uwarta a ɗaki za a duba ta, ko da layin bayanta ya kai bakin titi.