Takobin gora ba nauyi gare shi ba, ƙafa ce ke shan wahalar

Cikin saƙonnin da suka shigo akwai na wata baiwar Allah da ɗanta ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Japan. Ta ce bai fi wata biyu da zuwa ba ya shiga ƙungiyar masu wasan takobi ta makarantar. Yanzu ya aiko cewa damatsansa sun yi masa kaɗan, a nemo masa garin ƙara tsoka da maganin ciwon jiki mai ƙarfi, a ba wani mai tafiya ya kai masa. Tana tambaya wanne ya fi kyau ta saya.

Hajiya, kada ki sayi ko ɗaya tukuna. Da farko ma Japan ƙasa ce mai tsauri a kan maganin da ake shiga da shi. Irin waɗanda hukumarsu ta sa a sahun masu bugarwa, kamar kodin mai ƙarfi, sai mai shan su ya nemi izini tun kafin ya taso, kuma shi zai riƙo abinsa da kansa. Kada a jefa ɗan aike cikin rigimar da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na biyu, abin da yaron yake ganin shi ne matsalarsa, wato damtse, ba nan take ba.

Wasan da ya shiga sunansa kendo, ma'anarsa hanyar takobi. Ya samo asali ne daga horon mayaƙan Japan na dā. Bayan yaƙin duniya na biyu sojojin mamaya sun hana shi na wasu shekaru, sai a 1952 aka kafa hukumar kendo ta ƙasar, a 1970 kuma aka kafa ta duniya aka yi gasar duniya ta farko. Tun 2012 ɗaliban ƙaramar sakandare a Japan dole ne su koyi ɗaya daga cikin wasannin faɗa na gargajiya, kendo na cikinsu. Wato abokan wasan ɗanki da yawa sun fara tun suna yara, shi kuwa jiya-jiya ya riƙe sanda. Idan ya ce zai yi kafaɗa da kafaɗa da su a watan farko, jikinsa ne zai biya.

Ba da ƙarfe ake yi ba. Takobin, wanda suke kira shinai, tsagin gora ne guda huɗu da aka ɗaure wuri guda. Na babban namiji tsawonsa ba ya wuce santimita 120, nauyinsa kuma daga giram 510 yake farawa, na mace daga giram 440. Kusan nauyin ledar fiya-wata ɗaya ke nan. Ana sa kwalkwali da safar hannu mai kauri da sulken ƙirji da na ƙugu, kuma wurare huɗu ake nema: ka, tsintsiyar hannu, gefen ciki da maƙogwaro.

To me ya sa sabon shiga yake jin hannuwansa kamar za su cire? Duk wadda ta taɓa daka ta san amsar. Yarinyar da take koyo takan damƙe taɓarya da iya ƙarfinta, ta ɗaga da kafaɗa ta buga da kafaɗa, kafin a fitar da surfe ɗaya ta gaji tilis, tafin hannunta ya yi bororo. Uwarta kuwa riƙon sakwa-sakwa take yi, ƙugu da baya ne ke aikin, taɓarya tana saukowa da nauyin kanta, har tana iya cilla ta sama ta tafa. Haka malaman kendo suke koyarwa. Hannun hagu, wanda ke can ƙarshen mariƙi, shi ke jan sara, na dama saiti kawai yake yi. Ƙaramin yatsa da mai bi masa su ke riƙewa sosai, sauran a sake suke. Wanda ya je ya tara damtse kafin ya iya wannan, zai ƙara ƙanƙame sandar ne da hannun dama, daga nan sai ciwon gwiwar hannu da na tsintsiyar hannu su biyo baya.

Inda ya kamata hankali ya koma shi ne ƙasa. Ana wasan ne ba takalmi, a kan daɓen katako. Ƙafar dama tana gaba, ta hagu tana baya, dunduniyarta a ɗan ɗage, kuma a haka ake tsayawa kusan duk tsawon horo. Idan za a kai sara, ƙafar hagu ce ke tunkuɗa jiki gaba gaba ɗaya, ta dama kuma ta dira da ƙarfi daidai lokacin da gora ta sauka. A maimaita wannan sau ɗaruruwa a yini. Duk wannan tunkuɗar a kan agara take sauka, wato jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sharaɓa da dunduniya. Shi ya sa tsinkewar agarar hagu take cikin raunukan da aka san 'yan kendo da su, tare da ciwon tafin ƙafa da na dunduniyar dama.

Tsoka tana da wadatar jini, cikin 'yan makonni da fara motsa jiki mutum zai ji ƙarfi ya ƙaru. Agara jinin da ke isa gare ta kaɗan ne, sai ta yi watanni kafin ta yi ƙwarin da zai ɗauki sabon aikin. A wannan tsakanin ne haɗarin yake: yaro yana jin ƙarfi, numfashinsa ya daidaita, sai ya ninka horo, alhali igiyar da ke riƙe da shi tana nan yadda take. Allurai da ƙwayoyin gina tsoka da ake sayarwa a ɓoye a wasu gidajen motsa jiki ƙara faɗaɗa wannan tazara suke yi, ban da illarsu ga hanta da zuciya da haihuwa.

A nan ne aikina ya shigo, kuma ina so kowa ya karanta wannan sakin layi ko da bai taɓa ganin takobin gora ba. Akwai dangin maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke raunana agara, su ne ciprofloxacin da levofloxacin da ofloxacin. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a sa gargaɗi mafi girma a kan takardarsu saboda kumburin jijiya da tsinkewarta. Abin kan faru cikin kwana biyu da fara sha, yakan kuma faru watanni bayan an gama. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 da wanda ke shan prednisolone ko dexamethasone. Mu kuwa a nan, da zarar zazzaɓi ya kwana uku sai a ce taifot ne, a shiga kemis a ce a ba da "sifro", ba gwaji ba takardar likita. Ɗalibanmu masu tafiya waje ma sukan cusa shi a jaka don ko-ta-kwana. Idan ɗanki ya tafi da shi, ki ce masa kada ya sha da ra'ayin kansa. Idan likita ne ya rubuta, ya gaya wa likitan irin wasan da yake yi, ya dakata da tsalle da dira har sai an ba shi dama, kuma da ya ji zafi ko kumburi a bayan dunduniya ya tsayar da maganin ya koma asibiti a ranar. Wannan ya shafi 'yan ƙwallo da masu gudu da ke cikinmu.

Ga abin da zan ba sabon shiga shawara ya yi a wata ukun farko, ban da ranakun horo. Sau uku a mako ya yi tafiya da sauri ko sassarfa ta minti 20 zuwa 30. Sau biyu a mako ya yi aikin ƙarfi, wanda ba ya buƙatar ko ƙarfe ɗaya. Ya tsuguna ya tashi sau 10, ya huta, ya maimaita har zagaye uku. Ya yi dogon taku gaba ya sauke gwiwar baya kusa da ƙasa, yana canza ƙafa. Ya kifa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe sambal, na daƙiƙa 20 zuwa 30, don ƙugu da ciki. Wanda ya fi duka muhimmanci shi ne ɗage: ya tsaya a bakin matakala da gaban ƙafa, ya ɗaga dunduniya sama, sannan ya sauke ta a hankali yana ƙirga uku. Sau 15, zagaye uku, da ƙafa biyu tukuna, bayan wasu makonni ya koma ƙafa ɗaya. Saukewar a hankali ita ce ke ƙarfafa agara, don haka kada ya yi garaje. Tsallen igiya ya jira sai wata na biyu.

Saran iska da suke yi don gwaji, wanda suke kira suburi, gara 50 masu kyau a gaban madubi da 500 na ganin dama. Akwai takobin katako mai nauyi da ake yi don wannan, ya bar wa manya. Haka tsallen kwaɗo, wanda su a can suke kira tsallen zomo. A dā ƙungiyoyin wasanni na makarantun Japan sun yi shi sosai, aka bar shi saboda lahanin da yake yi wa gwiwa. Mu ne har yanzu muke horon yara da shi. Kuma kada ya ji haushi idan malam ya hana shi sa sulke na wasu watanni, haka ake yi wa kowa.

In wata rana ya koma iaido, wato fannin zare takobi daga kube da mayar da shi, can gwiwa ce ke shan aiki, domin da yawa daga cikin darussan a durƙushe ake fara su. Matashin gwiwa da ƙarfin cinya su ne kariyarsa.

Sai zafi. Yuli da Agusta a Japan zafi ne mai gumi, ga tufafin auduga masu kauri, ga kwalkwali da ya rufe kai. A watan Agustan 2009 wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 17 a lardin Oita ya rasu sakamakon bugun zafi a wurin horon kendo. Kada yaro ya ce ai shi ɗan Najeriya ne, ya saba da rana. Ya sha ruwa kafin horo da lokacin hutu. Ya hau sikeli kafin ya fara da bayan ya gama, kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da ya kamata ya mayar. Jiri ko amai ko ruɗewa, a cire kwalkwali nan take a sanyaya jiki a nemi taimako. Idan kuma rukunin jininsa AS ne, ya gaya wa malaminsa da asibitin makaranta. Ba ya hana wasa, amma ba a son mai shi ya matsa wa kansa har ya galabaita cikin zafi, kuma sikila ba abu ba ne da aka saba gani a Japan, ba lallai tunaninsu ya kai can ba.

Wannan ne ya sa ba na son ɗabi'ar haɗiyar diclofenac ko ibuprofen kafin a shiga fili. Suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga jiki ya riga ya zubar da ruwa, an haɗa mata biyu ke nan. Suna kuma rufe bakin ciwon da ya zo yi maka gargaɗi. Tsamin jiki da ke zuwa washegari, ya yi tsanani a kwana na biyu ko na uku sannan ya lafa, ba cuta ba ne, tafiya da ruwan ɗumi da barci sun ishe shi. In ya dame shi, farasitamol ya wadatar, kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 cikin awa 24. Tiramadol kuwa ba shi da gurbi a wannan magana ko kaɗan.

Batun garin ƙara tsoka, mai irin wannan horo yana buƙatar wajen giram 1.2 zuwa 1.6 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 65 ke nan yana neman giram 80 zuwa 100. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, ga kifi da madara da kaza, ga kuma abin da suke kira tofu, wanda ba komai ba ne illa awararmu ta waken suya, kuma tana cikin abinci mafi araha a can. Kuɗin garin ki tura masa ya yi cefane.

Abu biyu ne ba a jira a ga yadda za su kwana. Idan fitsarinsa ya koma ja ko kalar shayi bayan horo, ya je asibiti. Wani lokaci dirar ƙafa ce ke farfasa ƙwayoyin jini a tafin ƙafa, abin da aka sani a 'yan kendo kuma yakan wuce, wani lokaci kuma tsoka ce ke narkewa tana toshe ƙoda, kuma gwaji kaɗai ke bambancewa. Na biyu, idan yana cikin kai sara ya ji kamar an buge shi da sanda a bayan dunduniya, ya waiwaya bai ga kowa ba, ya kuma kasa ɗage a kan wannan ƙafar, to a ɗauka agara ce ta tsinke. Kada a ja, kada a murza, kada ya taka. A kai shi wurin likitan ƙashi a ranar, domin wadda aka gano da wuri ta fi saurin haɗewa, ko da ɗauri ko da tiyata.