Makullin Saƙo Ba Bindiga Ba Ne

A Amurka, masu kare haƙƙin kulle saƙonnin waya da na intanet sun daɗe suna aron hujjar masu kare mallakar bindiga, wato idan aka haramta, mai bin doka ne zai rasa, ɓata-gari kuwa ba zai rasa hanyar samu ba. Gwamnatin ƙasar ce ma ta fara haɗa biyun. Har zuwa 1996 tana lissafa manhajojin kulle saƙo masu ƙarfi cikin kayan yaƙin da ba a fitarwa waje sai da izini. A kan haka ta shafe kusan shekara 3 tana binciken Phil Zimmermann, wanda ya saki manhajar PGP a 1991, kafin ta janye ba tare da tuhuma ba.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Bindiga ana iya yi mata rajista, a ba wannan lasisi a hana wancan, kamar yadda Dokar Makamai ta 1959 ta tanada a Najeriya. Kulle saƙo kuwa lissafi ne, kuma ba a raunana shi ga mutum ɗaya a bar wa saura da ƙarfinsa. Hujjar da kamfanin Apple ya kafa ke nan a 2016, lokacin da hukumar FBI ta nemi ya taimaka a buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan San Bernardino da suka kashe mutum 14.

Koken masu bincike gaskiya ne, domin miyagu ma na fakewa da wannan fasaha. Amma a 2024 masu kutse da Amurka ta danganta da Chaina sun shiga kamfanonin sadarwarta, har cikin tsarin da aka tanada don sauraren waya bisa umarnin kotu. Abin mamaki, shawarar da hukumomi suka ba manyan jami'ai daga baya ita ce su koma manhajojin kulle saƙo.

Ƙa'idojin hukumar NCC na 2019 sun ba jami'an tsaro damar neman mabuɗin saƙon da aka kulle daga kamfanonin sadarwa. Kafin a yi tunanin faɗaɗa su, ya kamata masu tsara daftari a Abuja su tuna cewa wannan fasahar ce ke tsare hada-hadar albashinsu a banki, da takardun ofis da ke yawo a WhatsApp.