Jar Fitilar da Aka Rufe da Salatif

Makon jiya na shiga wata Sienna ta haya daga Jos zuwa Lafiya, aka ba ni kujerar gaba. Ba mu yi nisa ba na lura da guntun baƙin salatif manne a allon da ke gaban direba, wani jan haske yana leƙowa ta gefensa. Na tambaya. "Alhaji, rabu da ita," in ji shi, "tun daga Kwatano take haka."

Mai karatu, wannan fitila ba ta kamawa haka kawai. In ba birkin hannu aka manta ba a sauke ba, mafi yawanci man birki ne ya yi ƙasa. Shi kuwa man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Idan ya ragu, ko dai takalman birki sun cinye, ko kuwa akwai inda yake yoyo. Direban da ke ƙara mai duk safiya alamar kawai yake ɓoyewa, cutar tana nan. Wanda kuma ya tsiyaya ruwan sabulu a madadinsa, kamar yadda wasu ke yi in aljihu ya yi sanyi, ya sani ruwa yana tafasa idan birki ya ɗauki zafi. Da ya tafasa, ƙafa za ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta san an taka ba.

Ruwan ɗorawar mai rubutun ABS sha'aninta daban. Sau da yawa na'urar da ke auna gudun taya ce laka ta toshe, ko wayarta ta tsinke. Birki zai ci gaba da kamawa, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta tayoyi na iya kullewa motar ta zame. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da mahaɗar da ake jona na'urar bincike, kuma mai gyara da ya san aikinsa zai gano inda matsalar take cikin mintuna. Abin takaici, wani bakaniken cire ƙwan fitilar yake yi, ya karɓi kuɗinsa.

Motar nan an yi ta ne don mutum 7 ko 8. Mu 10 ne a ciki, ban da buhunan dankali. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana kan titi tun 1988, amma jami'i ba zai leƙa kowace mota ba. 'Yan ƙungiyar da ke yanka tikiti a tasha su ke ganin motocin nan kullum, kuma duba allon direba kafin lodi ba ya cin ko sisi.

Da muka fara gangara Hawan Kibo, hira ta ɗauke. Direba ya koma ƙaramin giya, yana taka birki sau biyu kafin ya kama, ƙaurin ƙarfe yana shigowa ta taga. Wata dattijuwa a baya sai salati take yi. A Akwanga na sauka, na bar masa ragowar kuɗina, na nemi wata motar.