Lamba 3 Ba Izinin Hawa Dutse Ba Ce

Yau da masu zamiya a kan dusar ƙanƙara muke, musamman waɗanda ke barin filin da aka gyara su kutsa bayan tsauni, inda babu mai gadi babu shinge. Duk hunturu sai an tono gawarwakinsu a tsaunukan Alps, duk hunturu kuma sai a ce tsautsayi ne. Mu dai ba mu yarda ba.

Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya na haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara, daga 1 zuwa 5. A Suwizalan, cibiyar SLF da ke Dabos tana fitar da sanarwa safe da yamma. To, mutum ya ga 3, sai ya ce ai tsaka-tsaki ne, ya saɓa jaka. Nan ne ɓatan. Kusan rabin waɗanda ke mutuwa a ƙasar, a ranar lamba 3 suke mutuwa. Ranar 5 kowa na ɗaki, hanyoyi ma a rufe suke. Ranar 3 kuwa gari ya yi wasai, dusar sabuwa ce fes, ga tarko a ƙasa.

Dusar da ke kan dutse hawa-hawa take, kowace zuba da nata. Wani hawan ya daskare, wani kuwa garas-garas yake kamar sukari. Idan iska ta tara sabuwar dusa ta danƙare a kan wannan rarraunan hawa, a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45, nauyin mutum ɗaya ya isa ya tsage shi, falle guda mai faɗin filin ƙwallo ya taho gaba ɗaya. Shi ya sa a kusan tara cikin goma na irin wannan mutuwa, mamacin ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da zaftarewar. Wannan ne tsautsayin?

Masu cewa “ai mu ƙwararru ne” su dubi Amurka, inda ake amfani da irin wannan ma'auni. Ranar 19 ga Fabrairu 2012, mutum 16, yawancinsu gogaggu, suka shiga gangaren Tunnel Creek a jihar Washinton bayan an kwana ana zuba dusa. Sanarwa ta yi gargaɗi. Uku suka rasu. Ba ilimi suka rasa ba; taro ne ya yi yawa, kowa ya zaci na kusa da shi ya auna abin, babu wanda ya so ya zama matsoracin da zai ce a koma.

Kayan ceto ma sun zama abin yaudarar kai. Na'urar gano wanda ya binne, shebur, sandar lalube, duk wajibi ne, amma aikinsu bayan ɓarna yake farawa. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa. A wuce rabin awa, yawanci numfashi ya ƙare. Wasu ma bishiya ko dutse ya gama da su kafin dusar ta tsaya.

Mun yaba wa SLF da ta fara rarrabe lambobin tun hunturun 2022, ana ganin 3− da 3+. Sai dai ƙarƙashin lambar akwai bayani: wace fuskar dutse ce, daga wane tsayi, wane hawa ne ya raunana. Wannan ɗin ne masu hanzari ba sa karantawa, kuma jagoran da ya kwashi mutane ba tare da ya karanta musu shi ba, ya kamata a tambaye shi dalili tun a gindin dutse.