Matashin Batsari, wayarka ta fi ƙarfin danne-danne

Ɗan'uwa, ka tuna 2024? Lokacin da kowa ya sunkuyar da kai yana danna allon waya, wai ana mainin ɗin Hamster. A majalisa danne-danne, a bakin kasuwa danne-danne, har a gona. Da ranar rabo ta zo a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai mayar musu da kuɗin data ba. Ba tonon silili nake ba, ni ma na danna. Abin da ke ci min rai shi ne, wayar nan da muka gajiyar da yatsu a kanta tana iya aikin da ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu da ake kira NumPy. Rumbun kayan lissafi ne da ake amfani da shi a cikin Python, ɗaya daga cikin harsunan da ake ba kwamfuta umarni da su. Wani malamin jami'a a Amurka, Travis Oliphant, shi ya haɗa shi a 2005 daga wasu tsofaffin ayyuka biyu, Numeric da Numarray, sigar farko cikakkiya ta fito a 2006. Masanan da suka nuna wa duniya hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya a Afrilun 2019 sun yi aiki da shi. Kuma kyauta ne. Wanda ke hannun farfesa a Landan shi ne zai sauka a wayarka, ba a rage maka komai ba.

Yadda yake aiki ba tsafi ba ne. Yana jera lambobi iri ɗaya kusa da juna, kamar buhuna a sito, layi-layi. Maimakon ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ka ba da umarni guda ya hau kansu duka. Can ciki an rubuta shi da harshen C mai sauri, shi ya sa lamba miliyan ba ta ɗaga masa hankali.

Za ka ce, to ina ruwan ɗan Batsari da ramin sama? Mu sauko ƙasa. A ce kowane mako kana rubuta farashin tiyar masara a kasuwa uku: Batsari, Safana da Dutsin-Ma. Shekara mako 52 ce, ka tara lamba 156 ke nan. Da layi biyu ko uku, NumPy zai faɗa maka matsakaicin farashi a kowace kasuwa, makon da hatsi ya fi araha, da nawa ya ƙaru daga kaka zuwa bazara. Ka yi wa rogo haka, ka yi wa taki, ka yi wa kuɗin mota zuwa Katsina. Ranar da Baba zai yanke shawarar sayar da amfanin gona ko ajiyewa, kana da abin nuna masa a rubuce, maimakon "an ce".

Ga wani abu da mu muka fi kowa sanin darajarsa. A Satumbar 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana. Watanni aka yi, TikTok da Facebook suka zama hoto. Amma NumPy, da zarar ka sauke shi ta manhaja irin su Pydroid 3, ba ya neman intanet. Ko sabis ya ɗauke, lissafinka na tafiya.

Na san abin da ke ranka: babu wuta, babu kwamfuta, wani ma gonarsa ta gefen dajin Rugu ta gagare shi. Gaskiya ne, kuma ba zan yaudare ka cewa wannan zai kawo maka dala gobe ba. Duk wanda ya ce maka wata ɗaya ya isa ka zama gwani, kuɗinka yake hari. Sai dai ka lura da wani abu: labarinmu kullum wasu ke ba da shi, da alƙaluman da ba mu da hanyar tantancewa. Hektoci nawa aka bari ba noma? Yara nawa suka daina zuwa makaranta a unguwarku? Wanda bai iya ƙirga nasa ba, duk abin da aka ƙirga masa shi zai karɓa.

Sai dai alƙaluma amana ce. Kada ka rubuta sunan mai shanu da yawan shanunsa, ko wanda ya sayar da buhu nawa, ka watsa a WhatsApp. A yankinmu irin wannan ganganci na iya jawo wa mutum bala'i. Ka ƙirga farashi, ka bar sunaye.

Kada kuma mu tsaya a ci kawai. NumPy a buɗe yake a GitHub, kuma da gudummawar masu sa kai ya girma har sigar 2.0 ta fito a Yunin 2024. Ba sai ka zama injiniya ba: wani kuskure yake ganowa ya kai rahoto, wani bayani yake gyarawa. Ku ɗaliban kwamfuta da lissafi na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'adua, me zai hana ku rubuta darussansa da Hausa, da misalin tiya da buhu, ƙannenku su amfana? Matasan Arewa Data Science Academy sun riga sun nuna cewa ɗan Arewa na iya koyar da ɗan'uwansa wannan fanni.

Ke ma 'yar'uwa da ke ake. Littafin adashi da cinikin da kike yi daga ɗaki lambobi ne, kuma sun isa fara koyo.

Ran kasuwa mai zuwa, ka tambayi farashin tiya, ka rubuta. Mako na sama ka sake. Da yayyafi kogi kan cika.