Ga Masu Cewa A Daina Hirar Dattawa Kan Yaƙin Basasa



Tun ranar da muka yi zaman farko na hirar dattawa bayan sallar la'asar, wayar sakatariya ba ta huta ba. Wasu sun kira sun sa albarka, wasu sun kira da faɗa. An ce mun tono abin da aka binne. An ce mu baƙi ne a Inugu, baƙo kuwa ba ya tada tsohon zance a gidan mai masauki. An tuna mana cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Wani ɗan'uwa mai zurfin boko kuma ya rubuto cewa abin da muke yi tatsuniya ce, mai son tarihi ya je ya sayi littafi. Shugabannin ƙungiya sun zauna a kan maganar, sun ce mu ba da amsa a fili kowa ya gani. Zama na biyu yana nan, ba za a soke shi ba.

Da yawa daga masu ƙorafin ba su halarci zaman ba, ji suka yi an ce, don haka bari mu fara da abin da aka faɗa a wurin.

Dattijon da ya fara magana yaro ne ɗan shekara goma sha huɗu a 1966, yana taya mahaifinsa sayar da goro a nan garin. Ya ce da idonsa ya ga jiragen ƙasa suna isowa tasha daga Arewa ɗauke da Ibo, wasu da raunuka, wasu ba sa iya sauka sai an ɗauke su. Ya ce a ranar ya san cewa zama ya ƙare. Da dare ya yi, mai gidan da suke haya, shi ma Ibo ne, ya kulle su a ɗakin da yake ajiye doya. Kwana uku suka yi a ciki, matar mai gidan na miƙo musu abinci ta taga. A kwana na huɗu ya raka su tasha da kansa, suka bi jirgi ta Makurɗi suka koma gida. Abokin mahaifinsa da ya ce sai ya shiga kasuwa ya karɓo bashinsa tukuna, har yau ba a san inda kabarinsa yake ba.

Bayan yaƙi mahaifin ya dawo da shi. Mai gida ya rasu, 'ya'yansa biyu ma sun tafi. Matar ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfen da suka bari, ta buɗe, ba komai a ciki sai allon karatun yaron. Ta ce tufafin ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya lokacin yunwa ta sayi gishiri, ta roƙi a yafe mata. Dattijon ya ce bai taɓa ganin hawayen mahaifinsa ba sai ranar.

Na biyu tsohon soja ne. Ya shiga a Zariya a 1967, aka ba su horon 'yan makonni, aka ce musu ɗan gajeren aiki ne irin na 'yan sanda, kafin kaka an gama. Wata talatin aka yi ana yi. Wani matashi ya tambaye shi mutum nawa ya kashe. Baba ya dube shi ya yi shiru, shirun da ya fi minti guda, sannan ya koma ba da labarin yaran da suka riƙa tararwa a ƙauyuka, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ba su da ƙarfin kora ƙuda. Matashin nan mun san shi, yana cikin masu zafin baki a Facebook. Bai sake magana ba har aka tashi.

To, jama'a, wanne ne wuƙar a cikin waɗannan?

Masu cewa a yi shiru suna magana ne kamar 'ya'yanmu suna zaune cikin shiru. Ba haka ba ne. Yaronmu yana aji ɗaya da yaron da kakarsa ta ba shi labarin yunwa tun yana goye. Kowace ranar 30 ga Mayu yana ganin gari ya yi tsit, mun rufe shago mun zauna a gida, ya tambaya a ce masa ya yi shiru. Wayar da ke hannunsa kuwa ba ta yin shiru. Kullum ana turo masa hotuna da muryoyi, wani yana cewa Hausawa makasa ne, wani yana cewa an yi musu daidai, a maimaita. Ga shi an yi shekaru an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare kafin a dawo da shi, har aka yaye ɗalibai da yawa ba su taɓa jin sunan Aburi ba. Idan muka rufe bakin dattijo, ba mu hana yaro jin labarin yaƙi ba. Mun dai zaɓa masa malami, malamin kuwa shi ne wanda bai ga yaƙin ba kuma yake marmarinsa.

Ku gwada wannan a gida. Ku tambayi yaron da ya tashi a Arewa me ya jawo yaƙin, zai ce muku 15 ga Janairun 1966, daren da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Birgediya Maimalari da sauransu. Daga nan ya tsaya. Ku tambayi sa'ansa na nan Gabas, zai fara daga kisan da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a watan Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekarar, ya zarce zuwa yunwa. Shi ma daga nan ya tsaya. Kowanne yana riƙe da rabin ƙwarya yana rantsuwa ita ce duka. Mutumin da ya yi kukan mutuwar Sardauna a watan Janairu, sannan ya tsaya a tashar Inugu a watan Oktoba ya ga abin da jirgi ya sauke, shi ke da ƙwaryar a haɗe. Irin waɗannan mutane ba su da yawa a ƙasar nan, kuma yawancinsu a cikinmu suke, mu mazauna Kudu. Su ne ake so mu ce wa su rufe baki.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya. Wasu daga cikin masu fushin ba tone-tonen ne ya dame su ba. Da dattawan sun tsaya a kan kisan shugabanninmu da dukiyar da iyayenmu suka yi asara a Anacha da Aba da Fatakwal, da sun tafa. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an ambaci jirgin nan. Sun so a tono rabi a bar rabi. Ba mu kira dattawa don su wanke mu ba, ba mu kuma kira su don su shafa mana baƙi ba. An kashe 'yan Arewa a Gabas a 1966, an kori saura, wannan ya faru. An kashe dubban Ibo a Arewa, wannan ma ya faru. A watan Oktoban 1967 sojojin tarayya sun tara maza a Asaba suka harbe ɗaruruwa, kuma rundunar da ta yi hakan tana ƙarƙashin Murtala Muhammed ne, mutumin da muke ji da shi. Duk maƙwabcinmu ya san wannan. Idan ɗanmu ne kaɗai bai sani ba, ranar da aka jefe shi da maganar a makaranta ko a kasuwa, ko dai ya ƙaryata ya zama abin dariya, ko ya kai hannu.

Sai ɗan'uwanmu mai cewa tatsuniya ce. Malam, tatsuniya ita ce wadda ake buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, a rufe da ƙurungus. Wanda ya ce na gani da idona, a ranar kaza, a wuri kaza, sunansa shaida. Littattafan da kake tura mu gare su, su wa suka rubuta? Obasanjo ya rubuta My Command, Alexander Madiebo da ya jagoranci sojojin Biyafara ya rubuta nasa, Chinua Achebe ya fitar da There Was a Country a 2012. Kowannensu dattijo ne da ya ba da labarin abin da ya gani ta kusurwar da ya tsaya, bambancin kawai shi ne nasu an buga shi da Turanci an sa masa bango. Mun karanta abin da ya samu daga cikinsu, kuma muna kira a karanta. Amma ka buɗe su ka nemo mana mai goro, ko mahauci, ko ɗan tireda, ko matar da ta haihu a cikin jirgi tsakanin Makurɗi da Kafancan. Janar-janar da 'yan siyasa sun rubuta nasu. Iyayenmu ba su rubuta ba, kuma ba wanda ya zo ya tambaye su. Shi kansa Tarihin Kano da ake taƙama da shi a jami'o'i, daga bakin mutane aka tattara shi kafin a zuba a takarda.

Ba mu ce bakin dattijo ba ya kuskure ba. Yana yi. Tsohon sojan nan ya ce sai a shekara ta biyu aka kama Inugu, alhali an kama ta tun 4 ga Oktoban 1967, wata uku da fara harbi a ranar 6 ga Yuli. An gyara masa cikin ladabi, ya yi dariya ya ce a lokacin ba kalanda yake ɗauke da ita ba. Wani zai ƙara gishiri, wani zai manta abin da ba ya son tunawa. Maganin wannan mun gaje shi tun daga zaure: a tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi ya gani ko ba shi aka yi, sannan a gwada da ruwayar wani. Shi ya sa muke zaunar da mutum uku maimakon ɗaya, kuma muka sa ɗalibanmu biyu su riƙa duba ranaku a littafi. Littafi zai gaya maka Ojukwu ya ayyana Biyafara a ranar 30 ga Mayun 1967, Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas a ranar 15 ga Janairun 1970. Ba zai gaya maka zane nawa ake bayarwa a karɓi gwangwanin gishiri ba.

Maganar cewa mu baƙi ne kuwa, ita ce ta fi ba mu haushi, domin ita kanta shaida ce ta rashin sanin tarihi. A shekarun 1950, magajin garin Inugu na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, kuma zaɓensa aka yi a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Da aka ambaci sunansa a wurin zaman, matasanmu kallon juna suka yi, ba su taɓa ji ba. Akwai gidaje a cikinmu da kakanninsu suka zo tun ana haƙar kwal, akwai waɗanda iyayensu mata 'yan nan ne. Mutumin da aka haifi kakansa a gari ba zai ci gaba da tafiya da sanɗa a cikinsa kamar ɓarawon kaza ba. Ladabi daban, tsoro daban.

Damuwar da muka yarda da ita guda ce, kuma mun gode wa waɗanda suka kawo ta. A wannan zamani ana iya yanko minti ɗaya daga maganar awa biyu a watsa, a tada fitina. Wannan gaskiya ne, kuma zaman da muke ciki bai bar mana wurin sakaci ba. Saboda haka aka tsayar da cewa waya ɗaya ce za ta ɗauki murya, ta ƙungiya, sauran a ajiye a aljihu. Ba a ambaton sunan wani mai rai ko gidansu da laifi. Ba zagin ƙabila, ko da wasa. Abin da za a fitar sai mai maganar ya saurara ya amince. Wanda ba zai iya bin wannan ba, ya yi zamansa a gida, ba mu ƙullace shi ba.

Mu da ke rubuta wannan an haife mu ne shekaru bayan an ajiye bindiga. Iyayenmu sun sha fara ba mu labarin da daddare, mu kuwa hankalinmu na kan ƙwallo da kaset. Yau da muke son ji, da yawansu suna maƙabarta. Wanda yake da shekara ashirin a 1967 yanzu ya doshi tamanin. A cikin 'yan shekarun nan mun sallaci dattawa nawa a masallacin nan? Ku ƙirga da kanku. Ba ko ɗaya da muka ɗauki muryarsa. Muna iya tara kuɗin rumfa da kujeru da mai hoto idan biki ya tashi, amma da aka ce a sayi ɗan abin adana murya na ƙungiya sai da aka yi zama biyu ana gardama.

Akwai laifin da mu ma muka yi a zaman farko, iyayenmu mata sun faɗa mana kuma sun yi gaskiya: maza kaɗai muka zaunar. Su ne suka yi gudu da goyo, su ne suka jira mazan da ba su dawo ba. Zama na biyu nasu ne, Hajiyoyi biyu sun riga sun amsa, kuma za a yi shi a gida don su sake. Akwai shawarar a gayyato wani dattijo daga maƙwabtanmu Ibo a zama na uku, da kuma ta kai ɗalibai gidan tarihin yaƙi na Umuahia su ga makaman da idonsu. Ba a yanke hukunci a kan ko ɗaya ba tukuna, mai ra'ayi ya kawo a taron wata.

Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida da ya ga wannan zamani, ya sanar da sakatariya. Wanda ba ya iya fitowa za mu je mu same shi. Ranar zama da wuri za a faɗa bayan sallar Juma'a, in sha Allah.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya