Raddi Ga Mai Cewa Kada a Taɓa Manhajar 'Yan Kasuwar Kilomita Biyar

Takardar da Yayanmu ya raba wa dattawan kasuwa ta iso hannuna, na karanta ta sau biyu, na farko da zafin rai, na biyu bayan na huce. Ba zan kama sunansa ba. Shi ya fara zaunar da ni gaban kwamfuta, shi kuma ya gina manhajar da wasu 'yan kasuwarmu na Kilomita Biyar suke rubuta bashi da lissafin kayan da suka taso daga Duwala, suka biyo ta Garwa-Bulai har Bangi. Girmansa yana nan a wurina. Amma tunda ya fito da maganar fili, a fili zan amsa.

Ga wanda bai san asalin zancen ba: an ɗora manhajar ne a kan wani ginshiƙi mai suna Django, bugu na 3.2. Ni na ce a tsara yadda za a kai ta bugu na 5.2. Yaya ya ce a'a, ya kawo hujjoji biyar.

Ya ce: abin da ke aiki ba a taɓa shi, kuma shekaru ke nan manhajar ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba.

Na ce: Yaya, wannan magana ta dace da ma'aunin tiya, wanda ba ya canzawa ko an bar shi shekara goma a ƙarƙashin tebur. Manhajar da ke kan intanet ba haka take ba. Django 3.2 ya fito a Afrilun 2021, masu shi suka yi alkawarin kula da shi shekara uku, wa'adin ya cika a Afrilun 2024. Ma'anar cikar wa'adi ita ce duk ɓarakar da aka gano daga ranar nan, za a toshe ta a sababbin bugu, a sanar wa duniya inda take, amma ba za a aiko wa namu faci ba. Sanarwar da mai gyara yake karantawa ita ɓarawo yake karantawa. Manhajar tana buɗewa kowace safiya, gaskiya ne. Ƙofar shagon da kwadonta ya lalace ita ma tana buɗewa kowace safiya, kuma ba a gane lalacewar sai ranar da aka tarar da kanta babu kaya.

Ya ce: mu ƙanana ne, wane mai kutse ne zai bar bankunan Turai ya zo neman littafin bashin masu atamfa da sukari a Bangi?

Nan ne na fi son mu daɗe, don wannan hujjar ita ta fi shiga zuciyar dattawa. Yaya yana zaton mai kutse mutum ne da yake zaɓar gida, ya yi leƙe, sannan ya haura. Yawancin kutsen yau na'ura ce ke yi, tana bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya kamar fara a gona, ba ta san Bangi ba, ba ta san Paris ba. A ranar 15 ga Oktoban 2014 masu kula da Drupal, wani ginshiƙin gina shafuka, suka sanar da wata babbar ɓaraka tare da facinta. Bayan mako biyu suka sake fitowa suka ce duk shafin da bai sa facin ba cikin awa 7 da sanarwar, a ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai, wato daga Azahar zuwa bayan Isha'i. Ba a tambayi girman kowa ba. Manya ma ba su tsira ba: kamfanin Equifax na Amurka ya yi sakaci da facin Apache Struts da ya fito a Maris ɗin 2017, aka shige shi a watan Mayu, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147.

Sannan me ke cikin rumbun bayananmu? Sunayen mutane, lambobin wayarsu, wanda ake bi da wanda ke bi, ranar da mota za ta iso da abin da ta ɗauko. Unguwarmu da ta ga abin da ta gani a rikicin 2013 da 2014 ba ta buƙatar wani ya yi mata bayanin haɗarin jerin sunayen masu kuɗi ya faɗa hannun da bai dace ba. Amana ce mutane suka ba mu, ba don sun fahimci Django ba, sai don sun san iyayenmu.

Ya ce: wuta ba ta zama, intanet yana yankewa, in aka fara aikin abu ya katse a tsakiya, an rasa tudun dafawa.

A nan na yarda da rabin maganarsa. Duk wanda ya zauna Bangi ya san wutar Bowali ba ta ishi gari ba, ya san zaman jiran layin unguwarsa. Sai dai wannan dalili ne na yin shiri, ba na fasa tafiya ba. Uwar garken da manhajar ke zaune a kai ba a shagon kowa take ba, haya muke yi a waje, can wuta ba ta ɗaukewa. Abin da zai iya yankewa shi ne igiyar da ke tsakanina da ita, kuma akwai tmux, wanda ke barin aiki ya ci gaba a can ko da kwamfutata ta mutu a nan. Bayan haka, ba wanda ya ce a yi tiyata a kan manhajar da mutane ke amfani da ita. Za a ɗauki kwafin rumbun bayanai, a gwada mayar da shi don a tabbatar kwafin na gaske ne, a kafa manhaja ta biyu a gefe, a yi duk ɓarnar a can. Tsohuwar tana nan daram har sai sabuwar ta ci jarrabawa. Ranar sauyi kuma ba za a sa ta a goman ƙarshe na azumi ba, ko jajiberin Babbar Sallah, lokacin da kasuwa ba masaka tsinke.

Ya ce: babu kuɗi. Na ce Django kyauta ne, lokacin ma'aikaci ne ake biya, kuma kowace shekarar jira tana ƙara tsawon hanyar. Waɗanda suka zauna a kan Python 2 har wa'adinsa ya cika ranar 1 ga Janairun 2020 sun san yadda kuɗin jira yake ninkawa. Ban ga abin ƙarawa a nan ba.

Hujjarsa ta biyar ita ta ba ni mamaki, don ta rushe huɗun da suka gabace ta. Ya ce in ma dole ne, to a bari sai an samu hali a rushe manhajar gaba ɗaya a sake sabuwa fil. Mutumin da ya ce babu kuɗin gyaran rufi shi ne yake cewa a jira kuɗin sabon gida. Kuma Yaya ya fi kowa sanin abin da ke kwance cikin tsohuwar: yadda ake lissafa bashin wanda ya biya rabi da tsabar sefa rabi ta Orange Money, yadda ake raba kuɗin mota tsakanin mutum huɗu da suka haɗa lodi. Ba a rubuta waɗannan a takarda ko'ina ba. Rigima ce ta shekaru ta haife su, layi bayan layi. Sabon gini zai manta da su, sai an sake yin rigimar.

Tunda ya ce ban kawo tsari ba sai tsoratarwa, ga abin da na auna. Mataki na farko ba Django ba ne, Python ne, yaren da aka rubuta Django da shi. Bugu na 3.10 gada ce, don Django 3.2 na ƙarshe-ƙarshe yana aiki da shi, 4.2 yana aiki da shi, 5.2 ma haka. A fara hawa wannan gadar ba tare da an taɓa komai ba, in wani abu ya fashe an san mai laifi. Shi ma Python 3.10 wa'adinsa Oktoban 2026 ne, don haka gada ce ta wucewa, ba wurin shimfiɗa tabarma ba. Daga nan a kunna gargaɗin da Django yake bayarwa a kan abubuwan da zai daina karɓa, a gyara su, sannan a hau tsani ɗaya-ɗaya kamar yadda masu shi suka ba da shawara: 4.0, 4.1, 4.2, a huta a gwada, sannan 5.0, 5.1, 5.2. Bugu na 5.2 ya fito a Afrilun 2025, kulawarsa za ta kai Afrilun 2028. Yana buƙatar rumbun bayanai na PostgreSQL 14 ko sama, sai a duba namu tun kafin a tashi.

Wuraren tuntuɓe kuma an san su, ba duhu za a shiga ba. Daga 4.0 adireshin da aka amince wa aiko da fom dole a rubuta shi cikakke da https a gabansa, in ba haka ba mai shago zai danna ajiye ya ga an ƙi shi. Daga 5.0 maɓallin fita na tsohon salo, wanda mahaɗi ne kawai, ya daina aiki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a shagon da maigida da yara uku suke amfani da waya ɗaya. Wanda ya fi damuna shi ne agogo. A kayan lissafin lokaci an bar pytz an koma zoneinfo, kuma a 5.0 tsarin lokaci yana kunna kansa in ba a rubuta akasin haka ƙarara ba. Bangi tana gaban agogon duniya da awa ɗaya. In aka yi sake, cinikin da aka shigar bayan sha biyun dare zai koma lissafin jiya, a wayi gari Alhaji yana zargin yaronsa da abin da bai yi ba. Wannan kaɗai ya isa a rubuta masa gwaji na musamman kafin a taɓa komai.

Abin da ba zan iya aunawa ni kaɗai ba shi ne ƙananan kayan aron da aka jingina manhajar da su, irin mai fitar da rasit da mai aika saƙon tunatarwa. Sau da yawa su ne suke riƙe ƙafar tafiya, don wani mai shi ya daina kula da shi tun tuni, sai an nemo madadinsa. Jerinsu yana hannun Yaya, tare da mabuɗin shiga uwar garke. Na roƙa sau biyu. Ina sake roƙo a gaban dattawa: Yaya, ka ba ni jerin nan da kwafin rumbu, ka ba ni mako biyu a kan manhajar gwaji. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, in an sauko daga babban masallaci, mu zauna a shagonka in nuna maka abin da ya fashe da abin da bai fashe ba, kai ka fara dannawa da hannunka.